Neman shawara: 'yata tana jinyar targaɗen wuya da buguwar kai a gidan gwaggonta a Ingila

Baban Ummi, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya ba ilimin lafiya a cikinmu, da kuma duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan lalura. 'Yar wajena ta tafi ziyara wurin ƙanwata da ke aure a wani gari kusa da Landan, kuma kusan wata guda ke nan da wata mota ta buge su ta baya suna tsaye a danja. Kanta ya fizgu, sannan gefensa ya bugi gilashi. Ba ta suma ba, jini bai fita ba, da ƙafarta ma ta fito daga motar, sai da gari ya waye wuyan ya sanƙare, ciwon kai da jiri suka taso mata. An ɗauki hoton kai da na wuya a asibiti, aka ce babu karaya kuma jini bai zuba a ciki ba, amma ƙwaƙwalwar ta girgiza, wuyan kuma ya yi targaɗe. Yanzu tana zuwa wurin likitan gashin ƙashi, wato mai gyaran gaɓoɓi da tsoka ta hanyar atisaye.

Abin da ya hana ni barci shi ne, likitan ya hana ta ɗaure wuya, ya ce ta riƙa juya shi a hankali, ta kuma riƙa fita tattaki kullum, alhali gwaggonta da mahaifiyarta suna ganin kamata ya yi ta kwanta a ɗaki har ta warke. Idan muna magana da ita ta bidiyo ba ta jimawa sai ta ce idanunta sun gaji, kuma ta gaya mini cewa duk lokacin da ta ɗago daga sujada sai ɗakin ya juya mata. Shin motsa wuyan da ya ji rauni ba zai ƙara masa illa ba? Shin in bar ta can ta gama jinyar, tunda bizar ziyara ta wata 6 gare ta, ko in dawo da ita Kaduna gaban mahaifiyarta? Akwai kuma wani dattijo a unguwarmu da ya ba ni shawarar in kai ta wurin mai ɗori ya daidaita mata wuyan idan ta dawo.

Abu Sadiq, Barnawa:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Aikin gashi nake yi, kuma ko da yake ban duba ta ba, abin da likitan can ya gaya mata shi ne abin da zan gaya wa duk wanda hoto ya nuna ba shi da karaya. Tun shekarar 1995 wani kwamitin masana a lardin Kwibek na ƙasar Kanada ya kasa irin wannan raunin wuya zuwa matakai, daga wanda ciwo ne kawai, zuwa wanda wuya ya sanƙare, zuwa wanda ya taɓa jijiya har hannu ya yi sanyi ko a riƙa jin kamar ana tsira masa allura, zuwa na ƙarshe mai karaya ko gocewar ƙashi. Bisa bayaninka, nata yana cikin na farko-farko, inda tsoka da jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓin wuya ne suka miƙe fiye da kima. Irin wannan idan aka ɗaure shi aka daina motsa shi, tsokar tana rasa ƙarfi, wuyan yana ƙara sanƙarewa, mutum kuma ya soma tsoron juya kai, tsoron nan kuwa shi kansa yana tsawaita ciwon. Hukumar lafiya ta Ingila tana cewa yawanci yakan yi sauƙi cikin wata 2 zuwa 3, ko da yake wasu sukan wuce haka.

Batun kai kuwa, abin da ya faru kamar a jijjiga ƙwaryar kindirmo ne: ƙwaryar ba ta fashe ba, amma abin da ke ciki ya kaɗu, shi ya sa hoto yake fitowa lafiya lau alhali mutum yana fama. Rashin suma ba ya nuna cewa abin wasa ne, domin mafi yawan masu wannan rauni ba sa suma. A da akan ce a kwanta a ɗaki mai duhu har alamun su gushe, amma an bar wannan. Matsayar da masana suka cim ma a taron Amsterdam na 2022, wanda aka yi a kan raunin 'yan wasa amma muke amfani da shi ga sauran jama'a, ita ce a sassauta harkoki na awa 24 zuwa 48 tare da rage kallon waya, daga nan a soma tafiya a ƙasa a hankali. Akwai ma'auni mai sauƙi da gwaggonta za ta iya riƙewa: Ummi ta ba ciwon maki daga 0 zuwa 10 kafin ta soma, idan bai ƙaru da fiye da maki 2 ba kuma ya lafa cikin awa guda, to ta ci gaba, idan ya wuce haka ta tsaya ta rage washegari.

Jirin da take ji idan ta ɗago daga sujada shi ne na fi so ta faɗa wa likitanta dalla-dalla, domin yana iya fitowa daga wuyan, yana kuma iya fitowa daga can cikin kunne, inda wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi suke gocewa daga mazauninsu bayan an bugu. Idan na kunnen ne, akwai gwajin da ake yi a kan gado, da kuma wata dabarar juya kai da ake kira Epley wadda sau da yawa take kawar da shi cikin ɗan lokaci. Kafin nan ta yi sallarta a zaune tana nuni, kada ta faɗi ta sake buga kan. Tunda kuma ta kusa cika mako 4 alamun ba su tafi ba, ya dace likitan asibiti ya sake duba ta, a gwada motsin idanunta da daidaiton tsayuwarta. Amma idan ciwon kai ya riƙa tsananta, ko ta yi ta amai, ko farfaɗiya, ko gani biyu-biyu, ko hannu ko ƙafa ya mutu, ko barcin da ake wahalar tashinta, wannan ba na jira ba ne, su kira 999, lambar agajin gaggawa ta can, nan take.

Hajiya Maman Nana, Malali:

Malam, sannu da wannan jarrabawa. Na zauna a Ingila shekaru da dama kafin mu dawo gida, kuma na yi jinyar ɗan yayata da ya samu irin wannan, saboda haka zan yi magana ne a kan gidan da take zaune, domin rabin jinyar a nan take. Mu idan muna son mutum ba ma barinsa ya ɗauki ko kofi, kuma idan aka ji an yi hatsari duk Bahaushen da ke garin sai ya zo dubiya, a cika falo, talabijin yana kunne, yara suna guje-guje, ga kiran bidiyo daga Kaduna safe da yamma. Duk wannan ƙauna ce, amma ga wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza hayaniya da hasken waya da yawan gaisawa aiki ne mai gajiyarwa. Ku mayar da kiran ya zama na murya, gajere, kuma mutum ɗaya ya riƙa isar wa dangi labari. Gwaggonta kuma ta bar ta ta riƙa ɗan taɓa aikin gida mara nauyi, ta raka ta tattakin da rana, ta tabbatar tana kwanciya da tashi a lokaci ɗaya. Ta lura kuma da yanayinta, domin saurin fushi, kuka ba dalili, da fargabar shiga mota duk suna biyo bayan wannan rauni, kuma yarinya a gidan mutane takan ɓoye don kada ta zama nauyi.

Sai batun kuɗi, wanda bai kamata a ji kunyar tattauna shi ba. A Ingila sashen gaggawa da ganin likitan unguwa kyauta ne ga kowa, amma sauran kulawar asibitin gwamnati ana cajin baƙo kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin. Tunda buge su aka yi ta baya, mijin ƙanwarka ya bi maganar inshorar wanda ya buge su, domin inshorar mota dole ce a can, kuma sau da yawa ita ke ɗaukar kuɗin gashin.

Malam Na-Kawo:

Ni ra'ayina ya ɗan bambanta da na Hajiya. Mara lafiya ba ya samun natsuwa kamar a gaban mahaifiyarsa, kuma mutanen can kowa yana fita aiki, sai a bar yarinya ita kaɗai a gida cikin sanyi tana tunani. Gashin nan ai muna da shi a Kaduna, ba sai an haye teku ba. Idan hankalinta ya fi kwanciya da gida, ban ga dalilin riƙe ta a can ba. Abin da kawai ban yarda da shi ba shi ne maganar mai ɗori, domin na san aikinsu a kan hannu da ƙafa, amma wuya wuri ne da laka ta bi ta cikinsa.

Abu Sadiq, Barnawa:

Malam Na-Kawo yana da gaskiya cewa ana iya ci gaba a nan, kuma kaɗaici yana jinkirta sauƙi. Inda nake jan hankali shi ne lokacin tafiyar. Jirgi daga Landan zuwa Abuja yana cin awa 6 ko fiye, ga hasken filin jirgi da layi da rashin barci, saboda haka ni da za a ji tawa, a bari a gano tushen jirin nan tukuna, likitan da ya duba ta ya ce ta iya tafiya, sannan a sa rana, ba tare da an kusanci ƙarewar bizar ba. A nemi taimakon keken guragu a filin jirgi ko da tana iya tafiya, kada ta ɗauki jaka a kafaɗa, ta kwana a Abuja ta huta, kuma a ganina jirgin ƙasa daga tashar Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna ya fi mata sauƙin jijjiga a kan mota.

Kafin ta taso ta karɓi rahoton hotunan da aka ɗauka, da takarda daga likitan gashin mai bayyana abin da ya gani da atisayen da take yi da inda ta kai, don kada a koma da ita farko. A nan akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da asibitin sojoji na 44, akwai na Shika a Zariya, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa duk a cikin Kaduna idan jirin ko gajiyar idon sun ƙi tafiya. Idan wurin kuɗi za ku je, ka tambaya ko mai aikin yana da rajista da MRTB, hukumar da ke ba masu aikin gashi lasisi a Najeriya, kuma ka lura ko atisaye yake koya mata ko kuwa fitila da na'ura kawai yake sa mata ta tashi, domin zafi da tausa suna rage ciwo na ɗan lokaci, amma ƙarfafa tsokar wuya da ta kafaɗa da horar da ido da daidaito su ne jigon aikin. Kada kowa ya murɗa mata wuya ko ya ja shi da ƙarfi, kada ta hau acaɓa, kuma kada a saya mata tramadol a kemis. Ko farasitamol ma idan ya zama na kullum-kullum tsawon watanni yana iya haifar da wani ciwon kan na daban.

Baban Ummi, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa mahaifiyarta bayanan nan, na kuma tura wa ƙanwata, ta ce za ta shiga da ita wurin likitan a zuwa na gaba don a yi maganar jirin sujada, mijinta kuma zai bi batun inshorar. Mun bar maganar mai ɗori. Da na tambayi yarinyar da kanta, ta ce tana son gida amma tana tsoron jirgin a halin da take ciki, saboda haka za mu jira abin da likitan zai ce. Abu Sadiq, ina da sauran tambaya ɗaya: tana da karatun da za ta koma, shin akwai yadda ake tsara komawa aji a hankali kamar yadda ka bayyana na tattaki, kuma wace irin takarda ya kamata mu kai wa makarantar?