Neman kalma: me za mu kira injiniyan da hukuma ta yarda ya sa hannu?

Ƴar Zango
Assalamu alaikum ƴan zaure. Gobe da ƙarfe 8 na dare ina da shiri a rediyo don ƴan bak, wato masu jarrabawar kammala lise, da iyayensu, kan hanyoyin karatu bayan lise, kuma wannan makon a kan aikin injiniya ne. Takardar da aka ba ni da Faransanci take, ta raba mutum biyu: ingénieur diplômé da ingénieur agréé. Na farko zan ce injiniya mai diplom, ba matsala. Na biyun ne ya tsaya mini. Shi ne wanda bayan diplom ya yi shekarun aiki ƙarƙashin na gaba da shi, aka jarraba shi, hukuma ta rubuta sunansa, ta yarda ya sa hannu a kan zanen gini ko gada. Ina son kalmar da uwa a Mirriya za ta ji ta gane. Kafin azahar ɗin gobe zan miƙa rubutun.

Ɗan Sabon Gari
Wa alaikumus salam. Injiniya mai lasisi. Haka ƴan Kano ke cewa, kowa ya saba ji.

Mai Fassara
A Kano zai yi, a nan Nijar ba zai yi ba. Mu takardar tuƙi ma parmi muke ce mata. Duk ɗan lakwal ɗin da ya ji lasisi, lisans zai ji, wato bak da shekara 3, matakin farko a jami'a kafin masta da dokta. Uba zai kashe rediyo yana zaton in yaronsa ya yi shekara 3 a Jami'ar André Salifou ya zama wanda ake nufi, alhali ko diplom ɗin injiniya a tsarinmu bak da shekara 5 ne. Ƙanwata, guji wannan kalmar gaba ɗaya. Ni na fi son "mai rajista".

Na Zariya
Na goyi bayan mai rajista, don ainihin abin ke nan. Ni a Jami'ar Ahmadu Bello na yi karatu. A Najeriya akwai hukumar COREN, an kafa ta a 1970. Ka yi digirin shekara 5 a makarantar da ta amince da ita, ka yi aƙalla shekara 4 kana aiki, ka rubuta rahoton abin da hannunka ya yi, ka zauna gaban manya su yi maka tambayoyi. In ka haye su sa sunanka a littafinsu, su ba ka lamba da hatimi. Daga nan ne doka ta yarda ka sa Engr. a gaban sunanka.

Baba Mushe
Ƴaƴana, kun fara gini daga sama. Kuna gardama kan jela, kan kuma ba namu ba ne. Wa ya ce injiniya Hausa ce? Kunnen Bahaushe inji yake ji a cikinta, shi ya sa ake kiran mai gyaran injin niƙa injiniya. Wanda ya zana gada ko ya auna zurfin rijiya, wane inji ya taɓa? Muna da ƙaga. Maƙagi, maƙagiya, maƙaga. Wanda aka sallama ya tsaya da kansa kuwa, ƴantaccen maƙagi, kamar yadda mai shago ke ƴanta yaronsa in ya ƙware. Tun ina cikin aji nake faɗa wa ɗalibaina wannan.

Malam na Birni
Baba, Allah ya ƙara girma. Maƙagi Allah ne, da wannan sunan muke yabonsa. Ban so a sa shi a rediyo a kan ɗan Adam. In kalma ake nema wadda ta daɗe a wurinmu, ga ijaza. Almajiri ya karanta littafi gaban malaminsa har ya sauke, amma ba zai karantar ba sai malamin ya ba shi ijaza. Sani daban, izinin amfani da shi daban. Injiniya mai ijaza.

Baba Mushe
Allah ya gafarta Malam, ai muna cewa maƙagin labari, ba wanda ya ce saɓo ne. Ijaza kuma Larabci ce. In za mu bar aron Turawa mu koma aron Larabawa, ina Hausar take?

Malam na Birni
To ai littafi ma aro ne, da alƙalami, da hukuma. Ba mu kore su ba.

Mai Fassara
Ijaza ta burge ni, amma akwai inda ta gaza. Malami ɗaya ne ke ba da ita, kuma ban san ana karɓe ta ba. Wannan kuwa hukuma ce ke bayarwa, kuma tana iya ƙwacewa.

Injiniyan Ruwa
Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don ina ganin ƙanwarmu na bukatar sanin tushen abin kafin ta zaɓi kalma. Akwai tsari biyu manya, kuma takardar da aka ba ta ta haɗa su wuri guda.

A tsarin Faransa, wanda muka gada, makaranta ce ke ba da suna. Tun 1934 suna da hukumar da ke tantance makarantun da za su iya ba da diplom ɗin injiniya. Ka fito daga irin wannan makaranta, kai injiniya mai diplom ne, ba wata jarrabawar ƙasa da ke jiranka kafin ka kama aiki. Da wannan fahimtar ɗaliban makarantun injiniya na EMIG a Yamai da 2iE a Wagadugu suke tasowa.

A Amurka makaranta ba ta isa ba. Digiri na shekara 4 daga sashen da aka tantance, sai jarrabawa ta farko kan tushen ilimin, sai kamar shekara 4 na aiki ƙarƙashin wanda ya riga ya samu izini, sai jarrabawa ta biyu a fannin da mutum ya zaɓa. Kowace jiha ita ke ba da nata izinin, kuma yawancinsu sai ka riƙa ƙaro ilimi kafin su sabunta maka. Jihar Wyoming ce ta fara a 1907, kuma a kan ruwa ne: mutanen da ba su iya awo ba suna zana taswirar neman haƙƙin ruwa, ana ta rikici. Mu ƴan Damagaram da muka san wahalar ruwa, muka san abin da Gogo da Machaya da Arunguza, inda ake jawo mana ruwan sha, suke nufi ga garin nan, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Abin da nake so a kama shi ne, mai izinin ba lalle ya fi sauran ilimi ba. Ko a Amurkan injiniyoyi da yawa a masana'antu suna aiki har su yi ritaya ba su nema ba. Bambancinsa shi ne alhaki. In ya sa hannu a zanen tankin ruwa ko benen aji, tankin ya tsage ko benen ya rufta kan yara, shi za a kira da suna. Duk kalmar da ba ta ɗauki wannan nauyin ba, ba ta yi ba. Shi ya sa ban gamsu da ƙwararre ko gwani ba, ko da wani zai kawo su.

Baba Mushe
Ni ma zan kawo gwani, kuma ba kunya. Wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, Babban Gwani ake ce masa. Biranen Hausa suna da Sarkin Magina tun kafin Bature ya zo. Je ka Birni ka dubi fadar Sarkin Damagaram, da ƙasa aka gina ta, tana nan tsaye. Zamanin Sarki Tanimu maƙeran garin nan igwa suke ƙerawa. Wace takarda suka riƙe? Garin da ya riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926 bai kamata ya zauna yana jiran Kano ko Pari su aiko masa da kalma ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na Zariya
Baba, ba wanda ya raina magabata. Amma gaskiya tsarin Najeriya ya fi tsauri. Diplom kawai a ce mutum ya gama? Akwai waɗanda suka fito da sakamako mai kyau amma ba su taɓa tsayawa an zuba kankare a gabansu ba.

Injiniyan Ruwa
Ɗan'uwa, a hankali. Shekara 5 ɗinmu da aikin gwaji a kamfanoni a cikinta, da aikin ƙarshen karatu da ake karewa gaban malamai. Kuma hatimi kaɗai bai hana gini faɗuwa ba, kai ma kana jin labarin benayen da ke ruftawa a Legas. Doka sai da masu bin ta.

Na Zariya
In ka bincika, da yawa ba su bi ta hannun mai rajista ba, ko an canja ƙarfe da siminti bayan ya sa hannu. Wannan ai hujjata ce.

Ɗan IUT
Ku duka kuna magana kamar mu ba ma nan. Ni teknisiya ne, bak da shekara 2 a IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'a. A wurin aiki mu ke cikin rana da ma'auni, mu ke duba ƙarfe kafin a zuba kankare. Mutanen gari injiniya suke ce mana, in na ce ni ba shi ba ne sai su ɗauka tawali'u nake yi. In aka ce a rediyo mai hatimi ne kaɗai injiniyan gaske, gobe wane kallo za a yi mana? Anti, don Allah ki kula da wannan.

Na Zariya
COREN ba ta bar ku a baya ba, rukuni 4 take yi wa rajista, har da teknisiyoyi da masu sana'ar hannu, kowa da matakinsa.

Ɗan IUT
A Najeriya ke nan. Ni a Damagaram nake.

Ƴar Zango
Iyayena da yayyena, na gode, amma dare ya yi kuma har yanzu ba ni da kalma. Ba zan ce wani tsari ya fi wani ba, ba shirin ke nan ba. Ƙanena Ɗan IUT, na ji ka, ba zan ce "na gaske" ba. Abin da na tsinta zuwa yanzu: mai rajista, mai ijaza, mai hatimi, ƴantacce. Mai hatimi ya fi yi mini daɗi a baki.

Malam na Birni
Ƴata, hatimi kalma ce mai kyau, amma ki tuna a ƙauye in aka ce hatimi, da yawa zanen da ake yi a allo ko cikin laya suke fara tunawa. Kada a ce injiniyan nan da asiri yake aiki.

Mai Fassara
Malam ya yi gaskiya, ban kawo wannan a raina ba. Rajista ma da na sake dubawa tana da rauni: ana rajistar zaɓe, ana rajistar layin waya, ba ta nuna an jarraba mutum ba. Ƴantacce kuwa zai sa a tambaya wa ya bautar da shi. Mu koma ga abin da Yaya Injiniyan Ruwa ya faɗa. Abin da ya raba mutumin da sauran shi ne sa hannu. Injiniya mai izinin sa hannu. Ta yi tsawo, amma ki faɗe ta cikakkiya sau ɗaya tare da sharuɗɗan, daga nan ki riƙa cewa mai izini. Jam'i, injiniyoyi masu izini. Mace, injiniya mai izini, ba abin da ya canja.

Injiniyan Ruwa
Ta yi. Ki ƙara jimla ɗaya: duk abin da ya sa wa hannu, alhakinsa na wuyansa. Kuma ki bayyana cewa matakan jarrabawa biyu na Amurka ne, rajistar COREN ta Najeriya ce, kada yaro ya je Yamai yana neman ofishinsu. Wanda ke da niyyar aiki a ƙetaren iyaka shi ya fi bukatar sanin wannan tun yana lise.

Na Zariya
Ni dai a rubuce mai rajista zan ci gaba da sawa, don shi ne a takarduna. A rediyo ban ƙi mai izini ba.

Baba Mushe
Wannan bayani ne, ba suna ba. Kalma huɗu a inda ɗaya za ta isa. Izini ma aro ce, amma ta tsufa a bakinmu, na bar ta. Injiniya ce ban yarda da ita ba, kuma ba zan yarda ba. Ƴata, tunda lokaci ya ƙure, yi aikinki. Roƙona ɗaya, ki ambaci magina da maƙeran garin nan ko da a jimla guda, yara su san ba daga waje sana'ar ta faro ba.

Ƴar Zango
Zan ambace su, Baba, in sha Allah. Ga yadda na rubuta: "Injiniya mai izinin sa hannu shi ne wanda bayan diplom ya yi shekarun aiki ƙarƙashin na gaba da shi, hukuma ta tantance shi, ta yarda ya sa hannu da hatiminsa a kan zanen aiki, kuma alhakin aikin na wuyansa." In akwai gyara a turo kafin hantsi.

Mai Fassara
Cire "da hatiminsa", sa hannun ya wadatar.

Ɗan IUT
Mako mai zuwa in aka zo kanmu, me za a ce? Mataimakin injiniya ban so, don ba kullum muke ƙarƙashin wani ba.

Baba Mushe
Buɗe sabon zance, ɗana. Ina da kalma a kan wannan ma.