Fim ɗin Ring of Bright Water: karen ruwa yana kiwatuwa a gida?

Sadiya:
Salamu alaikum. Fim ɗin nan na 1969 da Bill Travers ya sayi karen ruwa a Landan ya koma da shi bakin teku a Sikotland, labarin gaskiya ne? Kuma dabbar tana sabawa da mutum haka kamar kyanwa?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Tushensa gaskiya ne, daga littafin Gavin Maxwell na 1960, amma an canza abubuwa. Ba a kanti aka sayi Mijbil, wato karen ruwan Maxwell, kamar yadda fim ɗin ya nuna ba. Daga fadamun kudancin Iraƙi Maxwell ya taho da shi a 1956, lokacin tafiyarsa da Wilfred Thesiger, matafiyi ɗan Birtaniya. Gidan Maxwell kuwa yana Sandaig ne, a bakin tekun yammacin Sikotland. Mutuwar karen ruwan da fim ɗin ya nuna ba ƙirƙira ba ce: wani mai aikin hanya ne ya kashe shi a 1957, shekara ɗaya kacal da zuwansa.

Binta:
Malama Sadiya, sabawa yana sabawa, amma ciyar da shi ne aiki. Ba shi da kitse mai kauri a ƙarƙashin fata, abinci da gashi ne ke riƙe masa ɗumi. Shi ya sa kullum sai ya ci kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa, wato mai kilo 8 zai tashi da fiye da kilo 1 na kifi. In kifin firji kaɗai ake ba shi, bitamin B1 na raguwa, jijiyoyi su taɓu, har farfaɗiya. Ruwan kuma dole a riƙa sauyawa. Da maiƙo ko ƙazanta sun manne a gashin, iskar da ke tsakaninsa ta fita, ruwa ya taɓa fata, sanyi ya kama shi. Wannan ne fim ɗin bai nuna sosai ba.

Malam Habu:
Ga kuma cizo. Haƙoran da ke fasa ƙaguwa ne. Edal, macen da ta maye gurbin Mijbil, wadda aka kawo daga Najeriya, ta cire wa Terry Nutkins wani ɓangare na yatsu biyu yana yaro mai kula da ita. Tun 2019 kuma yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikin irin su Mijbil tsakanin ƙasashe.