Baahubali 2: Kattappa ne ya ci amana ko Sivagami?

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kashi na 1 na fim ɗin Indiya Baahubali da ya fito a 2015 ya ƙare ne Kattappa, bawan masarautar Mahishmati, yana cewa shi ya kashe yarima Amarendra Baahubali. Kashi na 2 ya kawo dalili a 2017, amma har yau a majalisun Rigasa musun bai mutu ba. Wasu na cewa Kattappa bawa ne, umarni ya bi. Wasu kuma na cewa wanda yaro ke kira kawu, ya soke shi ta baya, ba shi da suna sai maci amana. To jinin nan a wuyan wa yake?

'Yar Kawo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bar Kattappa tukuna, koma wajen Sivagami, uwar masarauta da ta raini Baahubali. Ɓarnar ta fara ne ranar da ɗanta Bhallaladeva (Bhalla) ya ce yana son Devasena, gimbiyar ƙasar Kuntala, ita kuwa ta yi masa alƙawari nan take. Ba ta tambayi yarinyar ba, ba ta binciki ko akwai wani a gaba ba. Ta aika da dukiya Kuntala kamar mai sayen kaya a kasuwa. Da Devasena ta mayar da baƙar magana, sai ta ce a kawo ta a matsayin fursuna. Shi kuma Baahubali ya riga ya ɗauki wa Devasena alƙawarin kare mutuncinta. Alƙawari biyu ke nan suka yi karo, ɗaya an yi shi kan abin da mai alƙawarin ba ta mallaka ba.

Daga nan duk hukuncin da ta yanke na kare girmanta ne. Ta ce Baahubali ya zaɓi sarauta ko mace, ya zaɓi Devasena. Aka tuɓe shi daga shugabancin runduna a wajen bikin cikin Devasena, ta yi shiru. Sethupathy, na hannun daman Bhalla, ya riƙa taɓa jikin matan da ke hanyar shiga wurin bauta, Devasena ta datse masa yatsu, Baahubali ya fille masa kai a gaban fada, sai ta kore su duka. Inda abin ya fi muni shi ne batun Kumara Varma, ɗan'uwan Devasena. Bijjaladeva, mijin Sivagami, ya yaudare shi ya shigo fada da dare don ya kashe Bhalla, aka kashe shi, aka nuna wuƙar da Baahubali ya ba shi a matsayin shaidar cewa Baahubali ne ya turo shi. Matar da ta shayar da yaron nan da nononta ba ta kira shi ta ji ta bakinsa ba. Wuƙa ɗaya da maganar mijin da ta san halinsa suka ishe ta yanke hukuncin kisa.

Baban Tudun Wada:
Hajiya, duk abin da kika faɗa haka yake, amma kada a wanke Kattappa tas. Gaskiya ne kakanninsa sun yi rantsuwar bauta wa gadon Mahishmati, gaskiya ne kuma Sivagami ta ce in bai kashe shi ba ita za ta yi da hannunta, ya karɓa don kada zunubin ya hau kanta. Sai dai a duba yadda aka yi kisan. Ba a iya Baahubali gaba da gaba, kuma in aka kashe shi a fili talakawa za su yi bore. Don haka aka sa Kattappa ya zama tarko: aka nuna kamar ransa na cikin haɗari, Baahubali ya bar matarsa da tsohon ciki ya taho ceto, ya sha kibau, ya yi faɗa har ya jigata, sannan takobi ta shigo ta baya. Da ƙaunar da yaron ke masa aka kama shi. Rantsuwa ta tilasta masa biyayya, amma ba ta ɗinke masa baki ba. Shi ya zaga ƙasa da Baahubali, ya fi kowa sanin ba zai ƙulla makirci ba. Bai ɗaga wa Sivagami murya da gaske ba sai bayan ya ji Bhalla yana sarar gawa yana tona asirin kansa. Ihu bayan hari ke nan. Kuma ya ci gaba da yi wa Bhalla hidima shekara 25 yana kallon Devasena cikin sarƙa.

Na Unguwar Rimi:
Ba wanda zai so jin wannan, amma Bhalla ma yana da ƙorafi. A kashi na 1 sharaɗin shi ne duk wanda ya kashe shugaban Kalakeya, maharan da suka kawo wa Mahishmati yaƙi, shi ne sarki. Bhalla ya kashe shi, sai Sivagami ta ba Baahubali saboda ya kare talakawan da aka yi garkuwa da su. Hukuncin ya yi kyau, amma an canza sharaɗi bayan an gama yaƙi. Alƙawarin Devasena da ta yi da gaggawa, lallashin ɗan da ta hana sarauta ne, kuma Bhalla ya san haka, shi ya sa ya shigo ta nan.

'Yar Kawo:
Baba, na karɓi batun shekara 25 ɗin, a nan ba ni da abin kare shi. Na Unguwar Rimi kuma, sake kallon yaƙin: Baahubali ne ya riga ya kai shugaban Kalakeya ƙasa, Bhalla ƙarasawa kawai ya yi.