Ziyarar gidan Erland Lee a Kanada: me ake gani, yaya ake zuwa?

Maman Walida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta mata tana son kai ziyara gidan gonar nan na jihar Ontario da aka ce nan ƙungiyar matan karkara ta Women's Institute ta samo asali. Daga Toronto za mu tashi. Yini ɗaya zai isa? Me ya kamata mu lura da shi?

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam. Zai isa har da saura. Gidan yana Stoney Creek, wanda yanzu yake cikin birnin Hamilton, a kan titin Ridge Road, can saman tsaunin Niagara, har ana hango tafkin Ontario. Ta babbar hanyar QEW kamar awa ɗaya ne idan babu cunkoso. Ku ɗauki mota, don hawan ba na ƙafa ba ne. Kuskuren da baƙi suke yawan yi shi ne su tsaya a Battlefield House da ke ƙasa, su zaci sun iso. Wancan gidan tarihi ne na yaƙin da aka gwabza a Stoney Creek a 1813.

Sannan ku kira kafin ku tashi. 'Yan sa-kai ne ƙashin bayan wurin, ba kullum ake buɗewa ba, kuma ku faɗa musu yawanku. Ɗakunan ƙanana ne, idan kun yi yawa sai an raba ku kashi-kashi.

Malam Sabi'u:
Hajiya ta gama da hanya, bari in gyara wani abu da ake yawan cakuɗawa. Ba a gidan aka yi taron kafa ƙungiyar ba. An yi shi ne a zauren Squire's Hall ranar 19 ga Fabrairu, 1897, mata 101 suka halarta, Adelaide Hoodless ta yi musu jawabi. Erland Lee, manomi, shi ya gayyato ta, kuma shi da matarsa Janet suka bi gonaki suna kiran mata. Abin da aka yi a gidan shi ne rubuta tsarin mulkin ƙungiyar, Janet ta rubuta da hannunta a kan teburin cin abinci. Teburin yana nan, kuma a ganina nan ya kamata ku fi daɗewa. Kada a dafa shi ko a ɗora jaka, don maiƙon hannu yana ɓata tsohon katako.

Ku kuma nemi a nuna muku asalin ginin: ɗakin gungumen itace ne na 1808, aka faɗaɗa shi a 1873. Ƙungiyar Women's Institute ta jihar Ontario ta sayi gidan a 1972.

Maman Walida:
Allah ya saka da alheri, Malam. To gidan ita Adelaide ɗin fa?

Malam Sabi'u:
Daban yake, yana St. George kusa da Brantford, nan aka haife ta. Ɗanta ya rasu a 1889 yana wata 14, ana danganta abin da gurɓatacciyar madara, shi ya sa ta duƙufa kan koya wa mata tsaftar abinci da kula da gida. Kada ku sa gidan nata a tsarin tafiya sai kun tabbatar ana karɓar baƙi.

Hajiya Binta:
Ƙari ɗaya, 'yar'uwa: ku guji lokacin hunturu. Hanyoyin hawa tsaunin suna santsi idan ƙanƙara ta sauka, gari kuma yana yin duhu tun wajen ƙarfe biyar.