Neman shawara: fatsa da ƙwaron gashin tsuntsu a Gulbin Maradi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwa. Yayana da ke zaune a Faransa ya aiko mini da sandar fatsa mai tsawon mita 2.7, lamba 5 (wato ma'aunin nauyin zaren da ya dace da ita), irin wadda ake jefa ƙugiyar da aka naɗe da gashin tsuntsu ta yi kamar ƙwaro, maimakon a sa mata tana. Na gwada ta a Gulbi da daminar nan, amma ƙarfin ruwa yana fizgar zaren tun ƙwaron bai nutse ba. Yaya zan yi?

Wani malami daga unguwar Zariya 2 ta Maradi:
Wa'alaikumussalam, ƙanena. A wannan fatsa nauyin zaren ne yake kai ƙwaron inda ake so, don haka idan ruwa ya ja tsakiyar zaren, ƙwaron zai riƙa gudu fiye da ruwan, kifi kuwa ba ya yarda da abin da ya saɓa wa tafiyar ruwa. Ka jefa wajen da ruwa yake fitowa, kusa da kai, sannan ka ɗaga sandar sama domin zare kaɗan ne kawai zai taɓa ruwa. Ka naɗa ƴar dalma a wuyan ƙugiya don ta sauka da wuri. Ka nemi bakin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, ko bayan kututture, domin can kifi yake fakewa yana jiran abinci.

Wani dattijon masunci daga Madarumfa:
Ɗana, maganar malam gaskiya ce, amma an ƙirƙiro wannan dabara don rafuka masu duwatsu da garau ɗin ruwa, Gulbinmu kuwa yashi ne, a watan Agusta ruwansa jajawur yake, kifi ba zai ga ƙwaron ba. Ka yi haƙuri sai ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya fara washewa, sannan ka nemi ƙarfasa da kawara. Tarwaɗa da ƙamshi da gashin baki take kiwo, tana ta fi mata. Idan ƙwarinka sun ƙare, gashin zabo da baƙin zaren tela sun wadatar.

Wani ma'aikacin lafiya:
Ɗan'uwa, kada ka shiga ruwan ya wuce gwiwa. Yashi yana zaizayewa a ƙarƙashin ƙafa, kuma ruwa yakan taso daga wajen Jibiya ko ba a yi ruwan sama a Maradi ba. A kududdufan da ruwa ya kwanta akwai tsargiya, don haka ka sa dogon takalmin roba.