Kwana uku a tanti a tsibiri da Cessna 172: jirgin zai ɗauki iyali da kaya?

Baban_Yara:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Mu huɗu ne, manya biyu da yara biyu, 'yan shekara 9 da 6. Muna so mu je wani tsibiri a Cessna 172S, ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu, mu kafa tanti kusa da filin jirgin, mu yi kwana uku. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, mil 16 na teku daga ciki a kan ruwa ne. Titin saukar ciyawa ne, kuma ba a sayar da mai a can. Jirgin zai ɗauke mu da kayanmu kuwa?

Mai_Sikeli:
Wa'alaikumus salam. Malam, kujera huɗu ba ta nufin mutum huɗu da kaya da cikakken tanki. Iyakar nauyin 172S a lokacin tashi laba 2,550 ne, wato kilo 1,157. In ka cire nauyin jirgin kansa, abin da ya rage bai wuce wajen kilo 400 ba, amma ka duba takardar awon naka jirgin, don kowanne da nasa. Cikakken mai galan 53 ne, kilo 144 ke nan. Ku huɗun, mu ce kilo 200. Saura 56.

Yanzu ga inda ake faɗuwa: ruwan sha. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Mutum huɗu, lita uku kowa a rana, kwana uku, lita 36, ba a ma zo kan girki da wanke-wanke ba. Ka ga tanti da risho da abinci ba su da wuri. Don haka abu na farko, ka tambayi masu kula da filin ko akwai ruwa mai tsabta a tsibirin. Amsar nan ita za ta yanke komai.

Za ka iya rage mai. Zuwa da dawowa awa uku, a galan 9 kowace awa, 27. Ƙara na hawa da na ajiyar awa guda, ka tsaya a 40. Ka samu kilo 35. Ka auna da sanda a bakin tanki, kada ka yarda da allurar mai da ke gabanka. Sai dai ma'ajiyar kaya ta baya tana da tata iyakar, kilo 54 gaba ɗaya, kuma can ƙuryar kilo 23 kawai. Masu nauyi su zauna dab da bayan kujera, barguna da katifun iska su tafi ƙurya. In nauyi ya koma wutsiya, hancin jirgi yakan ɗaga da kansa wajen tashi, kuma in fiffike ya daina ɗauka, dawo da shi yana wuya. Kowace jaka a ɗora ta a sikeli, ba a ƙiyasta da hannu. A ɗaure komai da raga.

Iskar_Teku:
Lissafin Mai_Sikeli daidai ne, amma bai sa rigunan ceto a ruwa ba. Huɗu, biyu daidai jikin yara, kuma a saka su tun a ƙasa. Wanda ke ƙarƙashin kujera ba shi da amfani a ranar. A nemi irin da ake hurawa da jan igiya, ba mai kumbura da kansa in ya jiƙe ba, domin wannan zai manne mutum a rufin jirgi ya hana shi fita. A koya wa yaran: sai an fita ake ja.

Batun tsayi kuma. In inji ya mutu, 172 yana shawagi kimanin mil ɗaya da rabi na teku a kowace ƙafa 1,000, a gudun not 68 (not ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa). Tsakiyar ruwanka mil 8 ne daga kowace gaɓa, wato kana bukatar kusan ƙafa 5,500 ba tare da iska ba. Ka hau 6,500 ko 7,500 kafin ka bar gaɓa, ba a kan ruwa ake hawa ba. Na'urar neman agaji ta 406 MHz ta kasance a jikin matuƙi. Wajen sauka kada ka wuce ƙafa 500 a minti saboda kunnen yara.

Bakanike_172:
Ni ba zan tsaya a galan 40 ba in babu wani fili kusa da gaɓa da za a sha mai. Hazon teku yakan rufe tsibiri cikin ɗan lokaci, ka iso ka juya. Gara a sauka a filin ƙarshe na tudu a ƙara mai, sannan a tsallaka.

Ciyawa tana cin titi. Littafin jirgin ya ce a ƙara kashi 15 cikin 100 na nisan da jirgi ke gudu a ƙasa wajen tashi, 45 wajen sauka, kuma busasshiya yake nufi. Raɓar safe ta sa birki ya zama ado. Ka zagaya filin sau ɗaya ka duba tsuntsaye da dabbobi. Da rana iskar teku takan ƙarfafa, in ta zo daga gefe ka tuna not 15 aka gwada jirgin da ita.

Ka zo da turakunka da igiya uku na ɗaure jirgin, fiffike biyu da wutsiya, da makullin sitiyari. Toshe bakin inji da bututun auna gudu, don tsuntsu da zanzaro kwana ɗaya ya ishe su gini. Tankin da ba a cika ba yana tara ruwa da dare a iska mai laima, sai a tsiyaye duk magudanan tankin kafin tashi. Da kun dawo a wanke gishirin da ruwa mai daɗi.

Baban_Yara:
Na gode ƙwarai. Gas ɗin risho fa, a ɗauka?

Iskar_Teku:
Ƙananan gwangwanaye biyu na giram 230 sun isa. A cire su daga rishon, a sa murfi, a ajiye inda hanci zai ji in suna yoyo. A yi girki nesa da jirgin, ta inda iska ke barinsa. Turakun tanti kuma a nemi masu faɗi da tsawo, siraran nan ba sa kama yashi. Ka ƙara abincin kwana ɗaya a lissafin nauyi, saboda ranar da hazo zai hana ku tashi.