Muryoyin gefe suna sirancewa idan na saurari naɗina a waya

Mai Koyo:
Assalamu alaikum. Na naɗi ƙungiyar mawaƙa mutum 8 da makirufo biyu masu ɗaukar sauti ta ko'ina, na bar tazarar mita ɗaya tsakaninsu. A abin sauraro na kunne sautin ya yi faɗi da daɗi, amma da na kunna shi a waya mai lasifika ɗaya, sai muryoyin waɗanda ke gefe suka sirance kamar daga cikin bututu suke fitowa. Shin laifin kayan ne, ko kuwa yadda na jera su?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, kayanka ba su da laifi, tazarar ce ta jawo. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, saboda haka muryar wanda ke hagu takan riga isa makirufon hagu kafin ta kai na dama. Wannan ɗan jinkirin shi ne ke ba kunne faɗin da ka ji, amma da zarar an haɗe layukan biyu, wato sautin makirufon hagu da na dama, a lasifika ɗaya, sai wasu sassan muryar su soke juna, alhali na tsakiya, da muryarsu ke isa lokaci guda, ba abin da ya same su. Ka gwada tsarin XY: makirufo biyu masu siffar zuciya (siffar yadda suke ɗaukar sauti ake nufi), waɗanda ke ji ta gaba su toshe baya, kan ɗaya bisa kan ɗayan a kusurwar digiri 90. A nan bambancin ƙarfin sauti ne kaɗai ke nuna hagu da dama.

Mai Haɗa Sauti:
Da izinin babban yaya, a ganina XY yakan matse mawaƙa a tsakiya, ya kuma rage musu sarari. Na fi son tsarin ORTF, wanda gidan rediyo da talabijin na Faransa ya fito da shi wajajen 1960, inda ake barin santimita 17 tsakanin kawunan makirufo biyu masu siffar zuciya, a buɗe su digiri 110. Tazarar ta yi kusa da ta kunnuwan mutum, kuma asarar da ake yi a lasifika ɗaya ba ta taka kara ta karya ba.

Tsohon Injiniya:
Gaskiya ne, sai dai idan akasarin masu sauraro a waya za su ji, tsarin tsakiya da gefe ya fi duka aminci. Mai siffar zuciya yana fuskantar mawaƙa, a ƙarƙashinsa kuma mai siffar lamba 8, wanda ke ji ta ɓangarori biyu masu ba juna baya, yana kallon gefuna biyu. Ana tara su a sami hagu, a ɗebe na gefen daga na tsakiya a sami dama, don haka idan an haɗe layukan sai na gefen ya ɓace gaba ɗaya, na tsakiya ya rage cak, kuma kana iya ƙara faɗi ko rage shi bayan an gama naɗi. Tushen dabarar yana cikin aikin da Alan Blumlein na kamfanin EMI ya yi wa rajista a 1931. Amma ka lura, mai siffar lamba 8 yana kwasar amsa-kuwwar bango sosai.

Mai Koyo:
Na gode ƙwarai. Ba ni da mai siffar lamba 8, kuma ɗakin yana da amsa-kuwwa, don haka zan ari masu siffar zuciya in fara da ORTF, in saurara a lasifika ɗaya tun kafin mawaƙan su watse.